Shirun Mai Sayarwa

Akwai wata tambaya da ta hana ni barci wajen wata biyu, kuma har yanzu ban ce na gama da ita ba. Idan mutum ya sayar da kaya ga wanda ya fi shi sanin kayan, bai yi ƙarya ba, bai yi rantsuwa ba, sai dai ya ja bakinsa ya yi shiru a kan wani aibi da ya sani, shin ha'inci ya yi ko kuwa iya ciniki ne kawai? Da a aji aka yi mini wannan tambaya, da kafin a rufe baki na amsa. To amma a aljihuna na gamu da ita, ɗauke da nauyin sefa 800,000, shi ya sa amsar ta yi mini wuya.

Ni mazaunin Dapaong ne, garin da mu mutanen zango muke kira Dapango, hedikwatar yankin Savanes a arewacin Togo. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango, ta cikin garinmu take wucewa kafin ta dangana da Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso. Duk wanda ya zauna a bakin wannan hanya ya san yadda motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Lome suke wucewa zuwa Burkina da Nijar da Mali. Saboda haka cinikin mota ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai masu fili, akwai dillalai, akwai masu saye su gyara su sayar.

Ina da wata Toyota Corolla da na sayo a Lome shekaru da dama da suka wuce. Da jinyar mahaifiyata ta yi tsawo a Kara, kuɗi suka ƙare, bashi ya fara hawa, sai na ga ba ni da abin ɗagawa sai ita. Na kai ta wurin wani Alhaji mai filin sayar da motoci, dattijo ne da ya girme ni nesa, wanda ya fi shekara ashirin a wannan sana'a. Ya zagaya ta, ya buɗe gabanta, ya sa makanikensa ya tayar da ita ya saurari inji, suka ɗan zaga gari da ita. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na rage, har muka tsaya a kan sefa 2,800,000. Ya ba ni 2,000,000 a hannu, ya ce cikon 800,000 sai bayan mako biyu. Muka rubuta takarda, ya sa hannu, na sa, shaidu biyu suka sa. Na miƙa makulli da katin mallakar mota, wanda muke kira kart giriz, na ce na sallama.

Ga abin da ban faɗa ba. A cikin watan Afrilun da ya gabaci cinikin, ina dawowa daga Kara da tsakar rana, motar ta ɗau zafi a hawan dutsen Defale, tsakanin Niamtugu da Kante. Allura ta hau har ja, tururi ya tashi. Wani makanike na bakin hanya ya duba ya ce mini gaskit ɗin kan inji ya fara ba da kai, in ban gyara ba wata rana zai kwantar da ni a daji. Ban gyara ba, don ba kuɗi. Na koma yawon cikin gari da ita, ina duba ruwan lagireto kowace safiya, ba ta sake nuna komai ba. Alhaji bai tambaye ni ko tana zafi ba. Ni kuma ban ce ba ta yi ba. Iyakarta ke nan.

Mako biyu suka cika, na je karɓar ciko. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, motarka ta ƙone a hanya. Yarona ya ɗauke ta zai kai wa mai saye a Sokode, ko Kara bai kai ba. Kai da Allah, ka san da wannan ciwo ko ba ka sani ba?" Na ce, "Alhaji, ai da makanikenka ka duba ta." Ka lura da amsar. Ba ƙarya ba ce, amma kuma ba amsar tambayarsa ba ce. Ya ce to ba ni da ko sisi a wurinsa, abin da ya rage ya tafi a gyara. Na fito raina a ɓace, ina jin an zalunce ni.

Washegari na nufi wurin wani abokina da ya karanta shari'a a jami'ar Lome. Niyyata ta farko in kai ƙara wurin jandarma, don na ga yadda mutane suke yi: a kira mutum, ya ga kaki, gabansa ya faɗi, ya biya. Abokina ya hana ni. Ya ce bashi ba laifin ɗauri ba ne, rigimar ciniki ta kotun farar hula ce, kuma wanda ya tsoratar da abokin cinikinsa da kaki ya karɓi kuɗi, ƙarfi ya nuna, ba gaskiya ba. Sannan ya jero mini hanyoyin da doka ta buɗe.

Ya ce a ƙasarmu, a kan sha'anin saye da sayarwa, kotuna suna aiki da kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa tun kafin samun 'yancin kai a 1960. A sashe na 1583 na wannan kundi, da zarar an daidaita a kan kaya da farashi, ciniki ya ƙullu, kaya sun zama na mai saye ko da bai gama biya ba. Babban wajibin mai saye kuwa shi ne ya biya a ranar da aka ajiye. In ya ƙi, mai sayarwa yana da zaɓi: ya nemi a tilasta masa biya, ko ya nemi kotu ta warware cinikin. Matakin farko shi ne in sa ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, wanda muke ce wa wisiye, ya kai masa takardar gargaɗi. In bai motsa ba, akwai gajeriyar hanya a dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu wuri guda tun yarjejeniyar 1993, wadda Togo take ciki. A ƙarƙashin dokar karɓo bashi ta 1998, da aka sabunta a 2023, wanda yake bin bashi tabbatacce, mai sanannen adadi, wanda lokacin biyansa ya yi, kuma ya samo asali daga yarjejeniya, yana iya shigar da takardunsa alƙali ya ba da umarnin biya ba tare da an fara kiran wanda ake bi ba. Sai dai shi ma yana da 'yan kwanaki da zai iya ƙin amincewa, kuma in ya yi haka an koma shari'a sosai, wadda ɗaukaka ƙararta sai an je Kara. Hanya ta ƙarshe ita ce sulhu, ko a gaban manyan zango, ko a gidan sasanci na gwamnati da ake kira Maison de Justice, wanda aka fara buɗe irinsa a 2018, kuma Dapango da Sinkase na cikin garuruwan farko da suka samu. Can ba a biyan ko dala.

Na tambaye shi, shi kuma Alhaji da me zai kare kansa? Ya ce da ɓoyayyen aibi. Sashe na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ba ya ganuwa, wanda da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya haka ba. Amma sashe na 1642 ya sauke masa alhakin aibin da mai saye zai iya ganowa da kansa. Kuma alƙalai sukan tsananta wa ƙwararren mai saye, don wanda sana'arsa ke nan, ga makanike a gefensa, da wuya ya ce an rufe shi. "Takardarka tana da ƙarfi," in ji shi. "Ina ganin za ka yi nasara, muddin babu wanda zai tabbatar ka san da ciwon tun kafin ka sayar. In an tabbatar ka sani ka ɓoye, to magana ta juya, har diyya ana iya ɗora maka."

Wannan "muddin" ita ce ta bi ni gida. Su wa suka san na sani? Makaniken bakin hanya wanda ko sunansa ban riƙe ba, da matata, da ni. Wato nasarata a kotu tana rataye ne a kan abu guda: in sake yin shiru karo na biyu, wannan karon a gaban alƙali. In kuma aka yi mini tambayar kai tsaye, shiru ba zai wadatar ba, sai ƙarya tsagwaronta. A nan na gane ba dokar ce ta goyi bayana ba. Dokar ma ta hana abin da na yi. Rashin shaida ne ya goyi bayana, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya mai nisa.

Duk da haka ban miƙa wuya nan take ba. Zuciya lauya ce da ba a biya, kuma ta kawo mini hujjoji masu kyan gani. Ta ce kasuwa ba masallaci ba ce, kowa da idonsa yake shiga. Ta ce shi Alhaji da ya taya motar, ya gaya maka nawa zai sayar da ita? Ya san farashin Lome, ya san na Sinkase, ya san kana cikin matsi, bai ce maka komai ba, shi ma shiru ya yi a kan abin da ya sani. Me ya sa shirunsa ya zama ƙwarewa, naka ya zama ha'inci? Ta ce ba cinikin biri a sama aka yi ba, mota tana gabansa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya hau.

Ba ni na fara kawo waɗannan hujjoji ba. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero, masanin nan na Rum, ya tattauna irin wannan matsala a littafin da ya rubuta wa ɗansa a kan wajibai. Ya kawo misalin ɗan kasuwar da ya iso tsibirin Rodos da jirgin hatsi daga Iskandariyya ana tsakiyar yunwa, alhali ya san akwai wasu jiragen hatsi a bayansa. Zai gaya wa mutanen gari farashi ya faɗi, ko zai yi shiru ya sayar da tsada? Ya kuma kawo misalin mai sayar da gida mai aibin da shi kaɗai ya sani. Ya nuna malamai biyu sun saɓa: ɗaya ya ce yin shiru daban, ɓoyewa daban, ɗayan ya ce barin mutum ya faɗa rami kana kallo, don ka ci riba, ba halin mutumin kirki ba ne. Sisero ya bi bayan na biyun. Abin da na tsinta a wannan muhawara shi ne ba kowane shiru ne laifi ba. Shirun da yake laifi shi ne wanda ka yi shi da nufin kada wani ya san abin da yake da haƙƙin sani, domin rashin saninsa ya zame maka kuɗi.

Da wannan ma'auni na raba shiruna da na Alhaji. Abin da ya sani game da kasuwa, ni ma da na tashi na zaga filaye uku da na sani. Ilimi ne da yake a fili, ya same shi da wahalar shekaru, kuma ribarsa ladan wannan wahala ce. Abin da na sani kuwa yana cikin cikin inji, ba ya fitowa sai a kan dutse da rana tsaka. Ba wata ƙwarewa da za ta nuna shi a zagayen minti goma cikin gari. Bai shafi darajar kasuwa ba, ya shafi ainihin abin da nake sayarwa. Alhaji ya biya kuɗin mota mai zuwa Sokode, ni kuma na ba shi mota mai zuwa kasuwar Dapango ta dawo.

Da na kai maganar wurin limamin unguwarmu, bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya tuna mini labarin da kowane ɗalibi ya sani, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma yi tir da wannan aiki. Liman ya ce, "Ka lura, mai abincin nan bai ce wa kowa abincinsa busasshe ne ba. Jerawa kawai ya yi." Ya kuma kawo hukuncin dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa, wadda shari'a ta ba mai sayenta damar mayarwa. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid, ɓoye aibi haramun ne, kuma ko mutum ya ce ya sayar ba ruwansa da abin da zai fito, wannan ba ya wanke shi daga aibin da ya sani ya rufe. Sannan ya tambaye ni, "Da wane lokaci ka kai motar?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, da sassafe."

"A wane wata?"

"Disamba."

Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban ƙara ba. Duk wanda ya san Dapango ya san sanyin hunturu da safe, ya kuma san zafin Maris da Afrilu. Na tuna na cika lagireto da ruwa a daren, na sa an wanke inji tas, na kuma zaɓi in je kafin rana ta ɗaga. A lokacin ban ce wa kaina ina shirya yaudara ba, cewa na yi ina gyara kaya don kasuwa. Amma shirun nawa ba shirun wanda ya manta ba ne. Shiru ne mai hannu da ƙafa, wanda ya tashi da asuba ya yi shiri. Ni ma na jera busasshe a sama.

Akwai kuma wata ɓarna da ta wuce ni da Alhaji. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya rubuta maƙala a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa mai sauƙi ne. Idan mai saye ba ya iya bambance mota mai lafiya da mai ciwo, zai taya kowace da farashin mai shakka. Mai mota lafiyayya zai ga an raina kayansa ya fasa sayarwa, sai masu ciwo su cika fili, farashi ya ƙara faɗuwa. Wato kowane shiru irin nawa haraji ne da ake ɗora wa mai gaskiyar da zai zo gobe. Na fahimci abin da ya sa masu filaye suke taya mota da rainin wayo, suke kuma riƙe ciko: sun sha ƙonewa. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga ta Sansanin Mango sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Baƙo yakan sauka a gidan mai gida, mai gida ya tsaya masa, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada, a ba da kaya bashi ba takarda. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sunan mutum. Wanda aka kama da algus sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba. Mu da muka gaji zangon, mun riƙe dabarar cinikin, amma muna sakaci da abin da ya sa ake yarda da Bahaushe a ƙasar da ba tasa ba.

To, mai karatu zai ce magana ta ƙare, sai in yafe cikon in nemi gafara. Ni ma na kusa yin haka, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma da na bincika sai na ga idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gyaran da aka yi wa motar, da kuɗin jawo ta daga hanya, bai wuce sefa 300,000 ba, makaniken da ya yi aikin ne ya faɗa. Alhaji kuma ya riga ya sayar da ita ga wani mutumin Sinkase. Wato ya riƙe 800,000 a kan asarar 300,000, ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ba a sauya suna a kart giriz ba. Motar tana yawo a bakin iyaka da sunana, a yankin da yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun watan Yunin 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga. In aka kama ta da wani mugun kaya, ko ta buge mutum, ƙofar gidana za a fara ƙwanƙwasawa.

A nan tambayar ta sake fuska. Laifina ya ba Alhaji haƙƙi a kaina, amma haƙƙin yana da iyaka. Wanda ya yi kuskure bai zama halattaccen nama ga kowa ba. Kuma kuɗin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai mai jinya, akwai masu bina bashi, akwai yara. In na bar 500,000 da suke haƙƙina don kawai in huta da kunya, ban yi tsoron Allah ba, na sayi kwanciyar hankalina ne da kuɗin iyalina. Sau da yawa abin da muke kira haƙuri tsoron fuskantar mutane ne, kamar yadda abin da muke kira neman haƙƙi yakan zama son zuciya da ya samu lauya. Shari'ar Musulunci ba ta bar wannan a duhu ba: idan mayar da kaya ya gagara, sai a ƙiyasta darajarsu da lafiya da darajarsu da aibi, a cire bambancin, wanda malamai suke kira arshi. Abin mamaki, sashe na 1644 na kundin da abokina ya karanta mini kusan haka ya ce: mai saye ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa wani abu. Hanyoyi biyu, ɗaya daga Madina ɗaya daga Faris, sun haɗu a wuri guda, a kan cewa gyaran zalunci awo ne, ba ramuwa ba.

Abin da na yi shi ne na haɗa biyun. Na sa wisiye ya kai wa Alhaji takardar gargaɗi, don na san in ba haka ba ba zai zauna da ni ba. Kwana uku bayan nan na aika kawuna ya gaya masa ina neman sulhu. Muka zauna a zauren wani dattijon zango, da liman, da shaidun nan biyu. Kafin kowa ya yi magana na ce, "Alhaji, ranar da ka tambaye ni ban ba ka amsa ba. Na sani. Ta taɓa yin zafi a Defale, an gaya mini gaskit ne, ban faɗa maka ba. Wannan laifina ne, kuma na ɗauki asararsa. Amma abin da ya wuce asarar, haƙƙina ne, ina nema."

Ba zan ce zauren ya cika da kabbara ba. Alhaji ya juya ga mutane ya ce, "Kun ji ko? Na faɗa muku." Ya so ya riƙe kuɗin duka, tunda na amsa da bakina. Dattijon ne ya tsaya ya ce wanda ya kawo gaskiya da ƙafarsa ba a yanka shi da ita, in ba haka ba gobe ba mai sake kawowa. Aka kira makanike ya faɗi abin da aka kashe. Aka ƙara wa Alhaji 50,000 saboda cinikin Sokode da ya kufce masa. Aka tsaya a kan zai ba ni 450,000 a biya biyu, ya kuma kammala sauya sunan kart giriz cikin wata guda. Na nemi a gaya wa mutumin Sinkase gyaran da aka yi wa injin, Alhaji ya ce wannan ba ruwana. Ban sani ba ko ya gaya masa. Washegari muka je gidan sasanci aka rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka, kuma na riga na ga abin da baki yake yi idan kuɗi suka shiga tsakani.

Na yi asarar 350,000 da wataƙila kotu za ta ba ni. Na kuma yi asarar wani abu na suna, don har yau akwai masu cewa ga wanda ya sayar wa Alhaji ƙonanniyar mota. Wani abokina ya ce mini wauta na yi, wanda takarda take hannunsa ba ya tona kansa. Ban iya ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. Abin da na sani kawai shi ne, da na bi shawararsa, da kuɗin maganin mahaifiyata sun fito daga ƙaryar da na yi a gaban alƙali, kuma ban ga yadda zan miƙa mata su ina kallon idonta ba.

Ban fito daga wannan rigima ina raina doka ba. Ba don takardar wisiye ba, da Alhaji bai zo zaure ba, kuma ba don rubutun ranar ciniki ba, da ba ni da abin riƙewa. Mai rauni yana bukatar kotu, kuma duk wanda ya ce a bar komai ga Allah alhali ana danne na ƙasa, bai yi wa addini adalci ba. Sai dai kotu tana hukunci ne da abin da aka iya nuna mata. Abin da ya rage tsakanin mutum da abin da ya sani, babu wisiyen da zai kai masa sammaci a kansa. Shi ya sa kafin mutum ya tambayi lauya ko zai yi nasara, ya kamata ya tambayi kansa a kan me nasarar za ta tsaya. In ta tsaya a kan takarda da shaida da gaskiyar abin da ya faru, ya je ya nemi haƙƙinsa ba kunya. In kuwa ta tsaya a kan fatan kada a yi masa wata tambaya, to ya riga ya san hukuncin, saura kawai ya yarda da shi.

Wanda duk zai kai motarsa fili, ga abin da na koya da tsada: ya faɗi ciwonta a rubuta a takardar ciniki, ko da farashi zai ragu, kada ya saki kart giriz sai an yi maganar sauya suna da ranar yinsa, in akwai ciko, a rubuta adadi da rana a gaban shaidu. Ragin da zai samu a ranar bai kai wanda na samu daga baya ba. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun kafin a tambaye mu, ya kuma tsare mu daga cin abin da ba namu ba ko da alƙali ya miƙo mana shi.